Wuƙar Kawuna a Hannun Ɗan Japan

A shekarun da kamfanonin Japan suka fara cika Jidda, ni direba ne a gidan wani injiniyansu a unguwar Aziziyya. Wata rana ya aike ni filin jirgi in ɗauko ɗansa, ɗalibin jami'a mai karatun Larabci. Na ɗauko wani dogon saurayi ramamme, wanda ya ba ni haƙuri sau uku kafin mu kai mota, alhali ko ƙafata bai taka ba.

Washegari uban ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya. Ɗan nasa ya faɗi jarrabawa, ciwon damuwa ya kama shi, ya sa a ransa cewa ba shi da amfanin komai a duniya, har ya taɓa yunƙurin kashe kansa. Likita ya ba shi magani, ya ce a canza masa wuri. Aikina shi ne kada in bar shi shi kaɗai, kada kuma wani abu mai kaifi ya zo kusa da shi. Ko wuƙar kicin kulle ta ake yi. Na tsorata ƙwarai, don ni tuƙi na iya, ban iya gadin rai ba.

Sati biyu ina yawo da shi cikin gari, bai ce mini uffan ba sai godiya. Kowa a gidan lallaɓa shi yake kamar ƙwai, shi kuwa sai ƙara sunkuyar da kai yake yi.

Ana haka matata ta haihu. Ranar suna uban yana wajen aiki, ba wanda zan bar wa saurayin, sai na tafi da shi gidanmu a unguwar Karantina. Na zaunar da shi kan tabarma na leƙa ciki wajen mata. Na manta da kawuna, tsohon mai tsire wanda bai yarda lafiyayyen mutum ya zauna hannu sake ba, ko da baƙo ne. Ina fitowa na tarar da wuƙarsa, wadda ko ni ba ya bari in taɓa, a hannun ɗan mutane.

"Yalla ya walad, maza yaro," in ji kawu, "hannu biyu Allah ya ba ka."

Saurayin ya yanka. Kawu ya ɗaga naman ya ce wannan ai takalmi ne don kauri, ya zazzaga masa faɗa da Hausa da Larabci. Na jira saurayin ya karaya, sai na ga ya gyara zama ya sake yankawa a hankali. Da kawu ya ɗaga yankan wannan karon, rana na ratsa naman don sirantaka. Nan ya kira maƙwabta su zo su gani, mutumin da tun da nake bai taɓa yaba mini ba. Kafin la'asar ɗan Japan ya yi buɗu-buɗu da garin ƙuli, yaji ya sa shi atishawa, mata na tsokanarsa ta bayan labule, yana dariya har da riƙe ciki.

Da za mu tafi kawu ya ce masa, "Gobe da wuri ka zo wajen tsirena. In ba ka zo ba wa zai yanka mini? Halas, magana ta ƙare."

Na gaya wa uban komai, ina jiran kora. Ya tuntuɓi likitan, sannan ya yarda ɗan ya ci gaba da zuwa wajen kawu. Ba wai ciwon ya tafi ba ne, don wasu ranakun ko ƙofa ba ya buɗewa. Sai in isar da saƙon kawu cewa nama na jira, masu saye na tambayarsa. Galibi yakan fito.

Bayan wata uku ya ce zai koma jami'a. Kawu ya naɗe wuƙar a tsumma ya ce ta zama ta saurayin, ni kuwa na kai wa uban, don dokar gida na nan. Uban ya warware ta, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tashi tsaye ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu.