Lahadin da Ɗan Gata Ya Shigo Sujada

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai wata Lahadi da na tabbata sai dai a binne ni da ita. Har yau in na ji maraƙi yana kuka a bayan gari sai dariya ta ƙwace mini, jikokina su yi ta kallona kamar wani abu ya taɓa ni.

A lokacin muna zaune a wata 'yar unguwa a gefen Dakko, ta ƙasar Bakura. Mu masu bin Yesu gidaje ne kaɗan a cikin 'yan'uwanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, gayya ɗaya muke fita. Wurin sujadarmu rumfar zana ce a ƙarshen gari, kututturan giginya ne kujerunmu. Mai bishararmu wani dattijo ne da kowa ke kira Malam. Shi ya koya mini karatu, shi ya ɗaura mana aure, ni kuwa na manne masa kamar ƙaya a gefen riga. Ga gemu ya fito mini, ga mata ga ɗa, amma zazzaɓi ya kama yaro, Malam. Na yi mummunan mafarki, Malam. Zan shuka gero, sai Malam ya tsaya a bakin gona ya yi addu'a. Ni a ganina tasa ta fi saurin isa sama. Matata har cewa take, ranar da tuwo ya yi mini zafi in kai wa Malam ya hura mini.

To, a kakar wannan shekara idon Malam ya yi rauni, 'ya'yansa suka ce da an gama girbi za su ɗauke shi su koma da shi Talatar Mafara. In babu wanda zai ja sujada a bayansa, rumfa ta rufe ke nan, don tsofaffinmu ba za su iya wannan tafiya kowane mako ba. Duk unguwar ni kaɗai na iya karatu, ni kuma ban taɓa buɗe baki na yi addu'a a gaban mutum ba.

A daidai wannan lokaci muna fama da wani rikicin a gida. Muna da saniya guda, da maraƙinta da muka sa wa suna Ɗan Gata. Ya yi girman da sai ya durƙusa kafin ya kai bakinsa ga hantsar uwar, ƙaho ya tsiro masa, amma ko kallon ciyawa ba ya yi. Uwar kuwa tana da wani cikin, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Kakana ne ya ɗauki ragamar yaye shi. Shi an haife shi tun Nasara bai ci Sakkwato ba, ya yi kiwo a gidan wani mai shanu a Bakura yana saurayi, saboda haka a maganar saniya ba a ja da shi. Ya sa muka shafe hantsar da kashin shanu. Ɗan Gata ya lashe tas, ya sha abinsa. Ya sa muka ɗaura masa takunkumin ƙaya a hanci, don in ya kai baki ƙayar ta soki uwar ta harbe shi. Sai ɗan banzan ya koyi karkata kai gefe, yana tsotso ta kusurwar baki, yana lumshe ido.

Kaka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wanga ba maraƙi na ba, ɓarawo na. Ku kai uwar nesa, inda ba shi jin kukanta. Hakanan munka yi tun zamanin da."

Nesa a wurina ita ce ƙarshen gari. Ranar Asabar na ja saniya na ɗaure ta a gindin tsamiyar da ke bayan rumfar sujada, na dawo na kafa wa Ɗan Gata turke a tsakar gida, ina jin kaina gwani. Ko kaɗan ban lura ba cewa in ka miƙe daga ƙofar gidanmu zuwa tsamiyar nan, ta ƙofar rumfa za ka bi.

Tun a hanyar dawowa daga tsamiyar na tarar da Malam zaune a ƙofar gidansa. Muka gaisa, ya tambayi gida da gona da jikin Kaka, sannan ya ce, "Gobe kai za ka ja sujada. Ba ka ganina cikin rumhwa."

Na ce, "Haba Malam! Ko baya ka zamna, in na kakare ka ɗora."

Ya ce, "A'a. Tahi gida."

Ban taɓa jin haushinsa ba sai ranar. Na tafi ina cewa a raina, ashe tsohon nan ba shi da tausayi.

Lahadi rumfa ta cika, don lokacin baikon kaka ne, kowa ya kawo abin da gonarsa ta ba shi. Ga zangarniyar gero, ga kwandon wake da ganyensa, an jere a gaba. Waƙa ta tafi lafiya, don mata ne ke ja da kiɗan tulu. Karatu ma na lallaɓa na yi. Sai aka zo addu'a. Kowa ya sunkuya, na rufe ido na ce, "Ya Ubanmu." Shi ke nan. Kaina ya zama fanko. Na sake cewa, "Ya Ubanmu," ko wani abu zai biyo baya, babu. Na saci kallon inda Malam yakan zauna, wayam. Wata tsohuwa, gwaggon matata, ta yi gyaran murya. Na fara tunanin ko in sulale ta gefen zana kafin su buɗe ido.

Sai saniya ta yi kuka a bayan rumfa. Daga can cikin gari aka amsa mata.

Kafin mu ankara muka ji dididi, ƙasa tana motsi. Ɗan Gata ne ya faɗo ta ƙofa, wutsiya a sama, yana jan igiya da turken gaba ɗaya. Rumfa ta hargitse. Turke ya daki tulun kiɗa ya tarwatse. Gwaggo da kullum sai an kama ta take tashi, ban san yadda aka yi ba, sai ga ta tsaye a kan kututture ta tattare zane. Wani kawuna mai nauyin kunne bai san abin da ake ciki ba, yana nan sunkuye ido rufe, yana jiran in ci gaba.

Ni ne a gaba, zana kaɗai ta raba shi da uwarsa. Na san in ya keta ya kai baki, wahalarmu ta tashi a banza. Na daka tsalle na rungume wuyansa, ya ja ni a ƙasa kamar buhun ƙaiƙayi. Ban san lokacin da na kwarma ihu ba, "Ya Ubangiji, ka ba ni ƙarhi, wanga abu ya hi ni!"

Kawu, ido a rufe, ya ce, "Amin!"

Sai rumfa duka ta ɗauka, "Amin!"

Ina kwance a ƙasa, ƙura a baki, hannu a wuyan maraƙi, na ci gaba. Na roƙi Allah ya raya saniyar nan da abin da ke cikinta. Na gode masa don gero da wake. Na roƙa wa Malam ido, na roƙa wa rumfarmu kada ta rufe. Na gaya masa tsoro nake ji, ban iya komai ba, ya taimake ni. Maganar tana fita kamar yadda nake yi da mahaifina, ba ado ba tsari. Matata tana dariya har da hawaye tana cewa amin, har yau ban san wanne ya fi yawa a ciki ba.

Da na kai ƙarshe sai na ji Ɗan Gata ya daina fizga. Na buɗe ido, sai ga shi ya tsoma kai cikin kwandon baiko, yana tauna ganyen wake, ram ram, kamar ya shekara yana yi. Wani ya ɗaga sanda, Gwaggo daga kan kututture ta ce, "Ku bar shi! Shi ma rabonai ya zo amsa." Ranar an yi dariya a rumfar nan har wasu suka zauna a ƙasa, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya.

Da aka kama shi aka mayar gida, na zagaya baya in duba saniya. Sai na ga Malam zaune a gindin tsamiya. Ashe tun safe yana nan. Saniyar ta tsinke ɗaurin da na yi mata, shi ne ya naɗe igiyar a hannunsa ya riƙe, har ta goge masa fata. Hantsarta ta kumbura tam, nono yana ɗiga a ƙasa.

Na ce, "Malam, ashe kana nan kana jina ina kakarewa?"

Ya ce, "Ina nan. Sa'ad da ka yi shiru har na ɗaga in taso." Ya shafa wuyan saniyar. "Dubi wagga. Kana tsammani ɗan ya hi ta jin zahi? Ta hi shi. Amma in ta ba shi yau, ba shi taɓa cin ciyawa." Ya juyo da idanun nan nasa da ba sa gani sosai, na ga sun cika da ruwa. Na durƙusa na warware masa igiyar daga hannu.

Bayan girbi 'ya'yansa suka tafi da shi. Rumfa ba ta rufe ba. Saniya ta haihu da damina, Ɗan Gata ya zama bijimin da na yi shekaru ina huɗa da shi.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda ya shayar da kai a cikin bangaskiya, in yana ƙaunarka da gaske, wata rana zai hana ka, don ka koyi zuwa wurin Allah da bakinka. Da na ɗauka rashin tausayi ne. Sai da nawa lokacin ya zo, na zauna a bayan zana ina jin wani yana kakarewa a addu'a, na riƙe kaina ban tashi ba, sannan na san abin da igiyar nan ta yi wa hannun Malam.