Gumbar da Na Kai wa Saje

Ina aji biyar a lakkol ɗin ƙauyenmu, kusa da Tibiri, aka sa mu tseren gudu na zo na ɗaya. Ban gama haki ba wani yaro ya ce ai ba abin mamaki ba ne, gudu gadon gidanmu ne. Aka kwashe da dariya, har mushe, malaminmu, ya juya baya yana murmushi. Ban sake shiga tsere ba.

Ranar ce na san abin da duk garin ya sani. Kakana, mahaifin babana, ya tafi cin rani Nijeriya shi da wani abokinsa, yaƙin basasa ya tarar da su can, suka shiga soja tare. Lokacin babana yana goye. Abokin ne kaɗai ya dawo, da rigar kaki da manyan takalma, ya ce ran da aka fara ɓarin wuta kakana ya yar da bindiga ya shige daji, kuma ya ji an ce yana can kurmi ya ajiye wata mace. Shi kuwa, in ji shi, ya yi yaƙi har aka ba shi muƙamin saje. Tun daga nan sunansa na yanka ya ɓace, kowa Saje yake ce masa.

A wurinmu ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa, kiran ajali ne. Saboda haka ba a yi wa kakana salla ba, ba sadakar uku, ba ta bakwai, ba ta arba'in. Kaka, matarsa, ta ce mijinta ya mutu, don da yana numfashi da ya dawo ko da rarrafe. Ta roƙi ƴan'uwansa su yarda a daka gumba a yi masa addu'a, suka ce ga wanda ya gani da idonsa ya ce yana raye. Limamin wancan zamani ya ce zai iya raba auren ta yi wani. Ta ƙi. Ta ce ita ba saki take nema ba, takaba take so ta yi. Haka ta zauna fiye da shekara hamsin, ba matar aure ba, ba mai takaba ba.

Saje yana da majalisa ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin kasuwa, kuma hanyar lakkol ta nan ta bi. Dole in durƙusa in gaishe shi. Yakan dafa kaina ya tambaye ni ko mai tsere ya aiko da wasiƙa, tsofaffin da ke kewaye da shi su yi dariya. Ni ba mai magana ba ne, ko a aji in an kira sunana muryata rawa take yi. Abin da na iya shi ne rubutu. Na sami wani kaye, littafin rubutu, na dabam, duk labarin yaƙin da na ji ya bayar sai in je gida in rubuta, da ranar da ya faɗa. Da na shiga lise, babbar sakandare, a Dogon Dutsi ma, in na zo hutu nakan zauna nesa kaɗan ina saurare. A wani shafi ya haye babban kogi cikin jirgin ruwa, a wani shafin kan gada ya bi. Harsashin da ya goge shi yau a cinyar dama yake, baɗi ya koma ta hagu. Na ja layi ƙarƙashin kowane da jan biro. Ban nuna wa kowa ba. Ina dai so wata rana in ga ya rasa abin faɗi a gaban mutanen nan da ke yi masa dariya.

Shekarata ta biyu a jami'a a Yamai, na zo hutun damina na tarar ƙafafun Kaka sun kumbura, ba ta ko iya zuwa rijiya. Ta kira ni ɗakinta, ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta ciro hoto naɗe cikin tsumma. Shi ne abu ɗaya da kakana ya taɓa aikowa. Saurayi ne siriri da hular soja, ga tsagen Arawa daga gefen baki har kunne. A baya an rubuta wasu lambobi da fensir. Ta ce, “Maigidana, kai da kake cin takarda kamar gara, ba ka iya nemo min kabarin kishiyarka?” Kakana take nufi. Da wasa ta faɗa, yadda kaka ke yi da jika, amma ba ta yi dariya ba.

Na hau kabu-kabu na ƙetare iyaka. Kwana tara na yi ina yawo tsakanin Kangiwa da Argungu, ana turo ni daga wannan tsohon soja zuwa wancan. Ko'ina in faɗi sunan kakana da na mahaifinsa, in ce mutumin Tibiri ne, a girgiza kai. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijo da ya yi aikin akawu a rundunar da aka zuba samarin yankin. Yana da nasa littafi da ya kwafa da hannunsa, bangon duk ya cinye. Ya duba bai ga sunan ba. Sai ya tambaye ni wa ya gaya min ɗan Nijar zai je wurin ɗaukar soja ya ce daga Nijar yake. Duk wanda ya ƙetaro, sunan wani gari na wannan gefen yake liƙa wa nasa. Shekara da shekaru duk wanda gidanmu ya aika cigiya, mutumin Tibiri yake nema, alhali ba a taɓa rubuta mutumin Tibiri ba.

Na juya hoton na miƙa masa. Ya bi lambobin da yatsa, shafi bayan shafi, ya tsaya. Ga sunan kakana na yanka, an bi shi da Kangiwa. A gaba an rubuta cewa ya mutu wajen haye kogi, ba a sami gawa ba. Dattijon ya ce jiragen da aka zuba su ciki wuta aka buɗe musu a tsakiyar ruwa.

Ban yi kuka ba. Idona yana kan layin da ke ƙasa, don lambar tana bin ta kakana, alamar rana ɗaya aka ɗauke su, ɗaya bayan ɗaya. Sunan yankan Saje ne, wanda na taɓa ji a bakin Kaka. Ba saje a gabansa, ba komai. Na tambayi ma'anar kalmar da ke gefe, don Ingilishina na lise ne. Dattijon ya ce wannan ya gudu tun kafin a kai bakin kogin. Na ɗauki hoton shafin da waya, na kuma kwafe shi cikin kayena harafi bayan harafi, na sa dattijon ya duba ko na yi kuskure.

Da na dawo na karanta wa babana da ƙannen kakana biyu da suka rage, a zauren liman. Babana ya rufe fuska da hularsa. Liman ya ce a yi sadaka ranar Juma'a, a sanar da mutuwar, amma layi na biyu a bar shi cikin littafi. Mutumin ya tsufa, ido ya tafi, yana da jikoki, a rufa masa asiri. Babana ya yarda. Aka dube ni, na sunkuyar da kai, suka ɗauka na yarda.

Ranar Juma'a tun da safe mata suka daka gero. Kaka ta sa aka zaunar da ita kusa da turmi, ita ta cura dunƙulen farko da hannunta. Gari ya taru aka yi addu'a. Saje bai zo ba, ya aiko cewa gwiwa ta hana shi. Al'ada kuwa ita ce wanda bai samu zuwa ba a kai masa rabonsa har inda yake. Da aka zo rabo na ce ni zan kai nasa. Na ɗauki dunƙulen da Kaka ta cura.

Gwiwar ba ta hana shi zuwa gindin bedi ba. Yana zaune cikin mutanensa shida ko bakwai. Na durƙusa kamar kullum, na kama hannunsa na ɗora masa gumbar.

“Mi ne ne wanga?”

“Sadakar abokinka ce, Baba. Ya mutu cikin ruwa da bindigarsa.”

Ban taɓa kiransa Baba ba sai ranar, kuma na ga waɗanda ke wurin sun lura. Ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya nemi ya ajiye ta gefen tabarma, wai sai an jima. Ban saki hannunsa ba. Na faɗa masa lambar kakana, sannan na faɗi wadda ke bin ta.

“Na karanta layinka, Baba. Liman ya ce kar in faɗi abin da ke ciki, ba ni faɗi. Ka ci dai in gani, in koma in gaya wa Kaka.”

Mayar da sadakar mamaci abin kunya ne da ba a yi, cin ta kuma yarda ce cewa mutumin ya mutu. Ya daɗe yana juya ta cikin tafin hannu. Sannan ya gutsura ya kai baki. Ba shi da haƙora sosai, gumbar kuma ta ɗan bushe, ya yi ta fama da ita. Wani ya miƙo masa ruwa. Na tsaya har ya cinye, ina kallon garin da ya zubo kan rigar kakin. Na jira in ji tausayinsa, ban ji ba. Da na miƙe, ɗaya daga cikin tsofaffin ya riga ya naɗe buzunsa ya tafi ba sallama.

Na tarar Kaka ta cire ƴan kunnenta da awarwaronta ta zuba cikin kwalla, ta ɗaura tsohon zane. Liman ya gaya mata takaba ba ta hau kanta ba bayan wannan tsawon lokaci, ta ce ta ji, za ta yi wata huɗu da kwana gomanta.

Ta tambaye ni, “Ya ci?”

Na ce ya ci.

“Duka?”

“Duka, Kaka.”

Ta gyara zama, ta ce in miƙo mata tasbaharta.