Batirin Malam Buhari

Daga Rabah

Mun bar Rabah ana kiran assalatu, ni da Malam Buhari direba, a tsohuwar motarsa mai lasifika biyu a ka. Ƙungiyar manoman rani ce ta aike mu mu yi shela: za a saki ruwan dam ɗin Goronyo gobe, kowa ya kwashe injin ban-ruwa da albasarsa daga bakin gulbi. Wanda bai ji ba ya yi asara. Ni aka ba makirfo saboda an ce ba na gajiya da surutu.

A shingen farko soja ya leƙo, ya tambaya ko maganin basir muke sayarwa. Muka ce a'a. Da alama bai ji daɗi ba.

Wurno

Da hantsi muka shiga Wurno. Na yi shela a kasuwa lafiya lau. A bakin tasha wata mota ta ƙi tashi, Malam Buhari ya tsaya, ya cire batirinmu inji na aiki, ya kai aka tayar da ita. Haka direbobinmu ke yi, kuma shi ba ya iya wuce mutum. Da na koma makirfo, shiru, sai warin ƙonewa.

Muka nemi wani mai wayarin ɗin mota, Yohanna. Ya buɗe amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa lasifika ƙarfi, ya ce fiyus ne ya ƙone. Ya auna wutar motar, ya ce daidai take. Sai ya tambayi abin da muka yi kafin nan, muka faɗa masa. Ya ce batir ne ke shanye wutar da ta yi yawa; in an cire shi inji na aiki, wutar takan yi tsalle ta faɗa kan amfilifaya. Wani karon ba fiyus kaɗai za ta ci ba.

"To mi za ni ce ma mutum in ya roƙe ni?" in ji Malam Buhari.

Yohanna ya ce wannan ba aikin wayarin ba ne. Ya sa sabon fiyus, muka ci tuwon shinkafa, muka wuce.

Goronyo zuwa Kagara

Goronyo ba matsala. Bayan la'asar, saura Kagara kawai, muka tarar da wata mota ta mutu a gefen hanya, da mace mai naƙuda a ciki. Malam Buhari ya dube ni. Na sunkuya na zare wayar amfilifaya. Ya kai batir, motar ta tashi. Direbanta ya ce tasa ba ta caji, in an cire za ta mutu. Suka tafi asibiti da batirinmu.

Raina ya ɓaci, amma ban ga wanda zan yi wa faɗa ba. Ga amfilifaya lafiya, ba halin jona ta. Na hau kan motar, na zauna tsakanin lasifikan biyu, Malam Buhari na ja a hankali, ina kwarara shela da maƙogwarona har ƙarshen fadama. Wani dattijo ya ɗago daga cikin albasa.

"Wagga lasihika taku ba ta da ƙarhi," ya ce, "amma mun ji."

Muna juyowa na ga ana ɗora injuna a amalanke.

Gida

Ba mu kashe mota ba sai a ƙofar gidana. Na gode wa Allah, na gode wa Yohanna. Washegari aka dawo da batir, da goron suna: an samu mace. Malam Buhari ya yi dogon jawabin barka. Ni kai kawai na ɗaga, don murya ba ta dawo ba.