Kwana Huɗu a Ƙofar Kware

Shekarun baya can, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, na ɗauki gawar ƙanena a kafaɗata ban san shi ne ba.

Baduku ne. Mun yi faɗa a kan gonar mahaifinmu, na gaya masa maganar da ba a gaya wa ɗan'uwa. Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi birnin Sakkwato. Damina shida ko gaisuwa.

Ran nan wani falke ya tarar da ni ina huɗa. Ya ce, "Ƙanenka na kwance, jikin ya yi tsanani. Ya ce ka taho ku gafarta ma juna. Shina Ƙofar Kware."

Na yar da garma. Kwana biyu ina tafiya daga Illela, rana ta uku na ga ganuwa. Na tambayi sunan ƙofar da ke gabana, aka ce Ƙofar Kware. Na ce alhamdu lillahi, na nemi inuwa na zauna.

A garinmu in an ce ƙofa, ƙofa ce. Na ɗauka zai turo wani ya tarbe ni nan. Ban san birni shiyya-shiyya yake ba, kowace da sunanta da mai kula da ita. Ban san gidajen da ke bayan ƙofar su ma Ƙofar Kware ake ce musu ba.

Sau ɗaya na yi tambaya. Na ce wa mai tsaron ƙofa, "Ka san wani baduku mutumin Illela?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi? Baduku? Kai baƙauye, dukawan birnin ga sun fi awakin garinku yawa. Matsa, jakai za su wuce."

Masu jakai suka yi dariya. Daga nan na kulle bakina. Ni da na kwana a daji da kuraye, dariya ce ta ba ni tsoro. Na zauna ina duban fuskar duk mai shiga da fita, sai ka ce ni aka ba gadin.

Rana ta huɗu da zamana a ƙofar, da hantsi aka fito da makara. Masu rakiya ba su da yawa. Na ce bari in sami lada, na tashi na kama. Ba nauyi. Har na ce a raina, wannan bawan Allah ya sha jinya. A maƙabarta, da hannuna na tura ƙasa.

Muna karkaɗe hannu sai wani dattijo ya ce, "Allah sarki. Har asuba yana tambaya ko wansa ya iso daga Illela."

Na ce, "Baba, mi ne sana'arsa?"

"Dukanci."

Na zauna a kan ƙasar da na tura.

Dattijon, wanda a gidansa ƙanena yake, ya kai ni ɗakin. Lungu biyu ne daga inda na yi zamana. Da na ɗaga murya na kira sunansa sau ɗaya, da ya ji. Dattijon ya ce, "Ɗana, ko mai tallan fura ka tambaya ai da ta kawo ka. Shiyyar ga duk an san ana jiranka."

Ya miƙo mini takalmi na jar fata. Ƙafa ɗaya an gama, ɗayar ko maɗauri babu. Na sa, daidai ni.

Mutane na cewa rana ce ta yi. Haka ne. Amma ranarsa ce ta yi, ba bakina aka ɗinke ba. Girman kan da ya kore shi daga gida, shi ne ya zaunar da ni bakin ƙofa.

Gonar tana nan, ban ƙara sa mata garma ba. Ni kuma ina Illela, na tsufa, ina zaune bakin hanyar birni. Duk wanda na ga ya nufi Sakkwato sai na tsayar da shi na ce, in an ce maka ƙofa, ka shiga ciki. Wasu su yi dariya. Yanzu ba ta yi mini komai.