Bawul ɗin da Rairayi Ya Cinye

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, an kafa injin ruwa a bakin kogi kusa da Birnin Kudu, ni ne makanikin da aka damƙa wa shi. Aikin ba wuya, in ban da bawul ɗin da ke daidaita ruwan da ke hawa tanki. Da damina ta kankama, ruwa ya zo jajir da rairayi, sai bawul ɗin ya kama ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Kafin kaka ya zama rariya. Uku na sauya da hannuna.

Wata rana aka turo mana wani injiniya daga Kano, mutumin Gwaram, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Ya sa na kwance bawul ɗin, ya zura yatsa a ramin da ruwa ya ci.

"Malam, ba laifinka ba ne," in ji shi. "Don ruwa garau aka ƙera shi."

Ya zaro wata doguwar takarda cike da ƙananan kibiyoyi, ya shimfiɗa. Ya ce a can Turai akwai kwamfutar da ake faɗa wa siffar bawul da ƙarfin ruwa, ita kuma ta lissafa, ta zana yadda ruwan zai bi, tun ba a narka ƙarfe ba. Ya nuna mini inda kibiyoyin suka cunkushe suna juyi. Daidai inda namu ke hujewa ne.

"To Yallaɓai, tunda an ga ciwo, ai sai magani."

"In Allah Ya yarda. A sassauta wannan kwanar, a sa ƙarfe mai tauri. Amma sai masu kwamfutar sun san irin rairayinmu."

Wata biyu ina ɗibar ruwa a kwalabe safe da yamma, in tace rairayin a ƙyalle, in shanya, in rubuta ranar. Ya aika musu. Amsa ta zo cewa sun yi lissafi, sun zana sabon bawul, saura izinin shigo da kaya. Ana cikin haka kasuwar mai ta faɗi, izini ya gagara. Injiniyan ya yi ta sintiri zuwa Kano har ya gaji, daga baya aka mayar da shi wani gari.

Da damina ta zagayo, bawul ya fashe ranar kasuwa. Na kai wa mai walda ya liƙe, ya yi kwana tara ya sake ɓallewa. Mata suka koma kogi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tsaya a ƙofar gidan injin, ta sauke tulunta tana haki.

"Ɗan nan, yaushe famfo zai dawo?"

Na san inda ciwon yake, na san har an zana maganinsa a wata ƙasa. Na ce, "Inna, ana nan ana ƙoƙari."

Ta dube ni. Ta ce in taya ta. Na ɗora mata tulun, ta kama hanya.