Mai Bandar da Ba Ya Sayen Itace

Na san Labaran a watan Maris na 1984, shekarar da na bar aikin akawu a ma'adinan Riruwai na dawo Tiga da zama. Abin da na zo da shi bai fi tafireta ɗaya ba, da akwatin littattafai, da fallayen kwanon rufi goma sha biyu waɗanda na saya da kuɗin sallama don in rufe ɗakina. Na kafa tebur a gindin darbejiya kusa da tasha ina buga wa mutane wasiƙu. Labaran ne ya fara kawo mini aiki, ya biya ni da tarwaɗa biyu.

Sana'arsa bandar kifi. Iyayensa suna cikin waɗanda aka tasa sa'ad da ruwan dam ya cinye garinsu. Kowane mai banda a bakin ruwa yana da tarin itace a ƙofar gida, wani tarin ya fi tsayin mutum. Labaran kuwa ko reshe ba ya saye. Duk Laraba yakan bi motar kaya zuwa Tudun Wada, ya kwaso buntun shinkafa da masu inji suke zubarwa a bayan gari, ya danƙara shi a ganga, ya bar rami a tsakiya, ya kunna. Wutar tana ci a hankali, kifin ya fito ja, ba ƙauri. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Akawu, ɗorayin garinmu suna ƙarƙashin ruwan nan. Waɗanda suka rage a tudu ba da hannuna za a ƙarasa su ba. Kuma buntu kyauta ne."

Matsalarsa ɗaya ce, damina. Itace in ya jiƙe yakan kama ko da da kyar, amma jiƙaƙƙen buntu ba ya ci. Wata huɗu cur yakan zauna ba aiki, ya karɓi kuɗin cefane a hannun wani dillali na Kwanar Dangora, in kaka ta yi dillalin ya kwashe kifin a farashin da ya ga dama. Abin da zai raba shi da wannan mutumin rumfa ce kawai mai rufin kwano, inda buntu zai bushe.

A 1991 aka buɗe wani ƙaramin banki a Kwanar Dangora, aka ce don masu ƙananan sana'o'i ne. Na buga masa takardar neman rance, shafi biyu, ba gogewa ko ɗaya. A makarantar mishan an koya mana cewa takarda mai tsabta tana da bakin magana, kuma na yarda da haka har ranar da jami'in bankin ya zo dubawa. Saurayi ne mai takalmi sau-ciki. Ya zagaya gidan sau biyu, ya leƙa bayan ɗaki, sannan ya ce:

"Malam, ina itacen?"

Labaran ya ce, "Ba na amfani da shi, ranka ya daɗe."

"To da me kake bandar? Da addu'a?"

Labaran ya nuna masa buhunan buntu. Yaron ya taɓa ɗaya da kan takalmi ya ce, "Wannan ai shara ce." Ashe a fom ɗinsu da yawan itacen da mutum ya tara ake auna girman sana'ar banda, kuma shi ake rubutawa a matsayin jingina. Na ce masa ya ƙirga kwandunan kifi mana, ga su nan goma sha ɗaya. Ya ce babu gurbin kwando a fom.

Da ya tafi na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa Labaran ya ari itacen maƙwabcinsa Surajo na yini ɗaya, mu jera a ƙofar gida, in rubuta a sake turo mai dubawa. Ya dube ni ya yi dariya har da tafa hannu.

"Akawu! Kai da bakinka? Kai da ka sa na dawo daga tasha saboda na faɗi shekaruna ba daidai ba?"

Matarsa Furera ta ce mini daga cikin gida, "Baba, rabu da shi. Taurin kan nan da shi aka haife shi." Surajo ya sami rancen a makon da ya biyo baya. Tarin itacensa ya kai kan katanga.

Bayan shekara uku sai ga wata ƙungiya daga waje, da farar mota, suna ba masu banda tallafi don a rage saran itatuwa. Da na ji sai na ce to, yau dai ranar Labaran ta zo. Na sa sabon ƙyallen tawada a tafireta. Fom ɗinsu gurbi uku ne: itacen da kake ƙonawa a wata, wanda za ka ƙona bayan tallafi, da abin da ka rage. Na buga sifili, sifili, sifili, domin gaskiyar ke nan.

Matar da ke karɓar takardu, 'yar Kano ce mai ladabi, ta ce, "Baba, wannan ai bai rage komai ba."

Na ce, "'Yata, me zai rage? Shekara goma ke nan bai ƙona ba."

Ta ce, "Na gane, wallahi na gane. Amma mu abin da aka rage muke aika wa masu ba da kuɗin. In babu lamba ba zan iya sa shi ba."

Na ce, "Wato sai ya koma ya sari daji na shekara guda, sannan ya zo ya tuba?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kusan haka ne, Baba."

Surajo ya sake samu. Da kuɗin ya sayi ganguna, ya zo wurin Labaran don ya koya masa yadda ake danƙara buntu, ƙungiyar ta ɗauki hoton Surajo. Labaran ya koya masa ɗin, har da gyara masa ramin tsakiya. Ni kuwa kwana uku ban iya cin tuwo ba.

A rana ta huɗu na ɗauki hayar amalanke, na ɗora fallayen nan goma sha biyu da suka shekara goma a jingine a bayan ɗakina don rashin kuɗin katako da kafinta, na kai ƙofar gidansa. Na ce, "Ka yi rumfar, na gaji da ganin fuskar dillalin nan." Bai yi godiya mai tsawo ba, ni ma ban jira ba. Daminar 1994 ita ce ta farko da hayaƙi bai yanke a gidansa ba, kuma dillalin bai ƙara samun kifinsa a araha ba. Ni dai na ci gaba da tara kwanuka a tsakar ɗaki in ana ruwa.

A watan Afrilu na 1997 na tafi Zariya aka yi mini aikin ido, na yi mako biyar a gidan 'yata. Da na dawo, tun daga tasha na hango wani abu yana ƙyalli a wajen gidana. An cire tsohon rufin ciyawa, an rufe ɗakin da sabon kwano. Na tsaya da idona ɗaya mai lafiya na ƙirga. Goma sha biyu.

Da yamma ya zo da tarwaɗa biyu, ya ce a buga masa wasiƙa zuwa ga ƙaninsa. Na ce, "Labaran, wa ya taɓa mini ɗaki?"

Ya ce, "An ce ruwan bana zai yi yawa. Akawu, ka rubuta, bayan gaisuwa mai yawa."

Na sa takarda na buga.