Murhuna da na Baturiya

'Yata ta raina murhuna, kuma har yau ban gama yafe mata ba.

Shekara talatin ina suyar masa a tsakar gidanmu na Agege, a kan itace, da tandar ƙasa. Hayaƙin nan ne ya kai ta makaranta, ya kai ta Amurka aikin jinya. Da ta ɗauke ni ganin jikata, sai da na sauka ta gaya mini ta gama magana da birkila: ranar Litinin zai rushe murhun, ya shimfiɗa tayil, a kawo gas. Wai ƙawayenta na ganin hoton gidanmu, kunya take ji.

Ranar Asabar ta ce za ta kai ni in ga tarihi. Wani tsohon gari ne na wasu Kiristoci da suka taso daga ƙasar Jamus tun zamanin da Ingila ke mulkin wurin, Morabiyawa. An bar gidajen yadda suke, an ɗauki ma'aikata suna sa kayan mutanen da, suna yin aikin da, jama'a na sayen tikiti suna kallo. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura ba na wuce allo ban karanta ba, don haka muka daɗe a kowace ƙofa. Ga gidan gwauraye, ga gidan 'yanmata, ga na matan da mazansu suka mutu. Matan na ɗaure hula da zare mai launi, a gane mai aure daga nesa. Wannan dabara ta burge ni. Da za a kawo ta tashar Iyana Ipaja da ke kusa da mu, da mata sun huta da tambayoyin 'yan okada.

Sai muka shiga madafa. Wata Baturiya sanye da doguwar riga ta durƙusa gaban murhu tana hura wuta. Ta cusa itacen duka a tare, ba ta bar wa iska hanya ba, hayaƙi ya turnuƙe ta, tana hawaye tana murmushi. Mutum ya fi ashirin suna ɗaukar hotonta. Har da 'yata.

"Mama, kin ga yadda suka riƙe al'adarsu? Digiri biyu gare ta fa, a kan wannan."

"A kan hura wuta?"

"A kan tarihi, Mama."

"To gaya mata ta zare ice biyu, tarihin zai kama."

Ta ƙi fassarawa. Na tsallake igiyar da aka gitta tsakaninta da 'yan kallo, na zare da kaina, na karkata sauran, na yi fifita da takardar da aka ba mu a ƙofa. Wuta ta tashi. Baturiyar ta riƙe hannuna tana godiya, 'yan kallo suka tafa. Wani tsoho ya tambayi 'yata a ina na koya. Turancina bai kai na gardama ba, amma ya kai na jin amsarta. Ta ce mahaifiyarta ƙwararriya ce a girkin gargajiya na Afirka ta Yamma. Har da dafa kafaɗata.

A mota na ce, "Ƙwararriya ko?"

"Haba Mama."

"Tata wutar al'ada ce, tawa ƙauyanci. Me ya raba su? Igiyar nan da aka gitta?"

"Ita da yamma gida take komawa ta kunna gas. Ke kuma tari kike kwana yi. Ni nake jin ƙirjinki a waya."

Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma a bakin murhun nan matan layinmu ke zama da safe, Hausawa da Yarabawa, a can nake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Na ce mata in lafiyata ce damuwarta, da ita ta fara, ba da ƙawaye ba, kuma da ta tambaye ni kafin ta kira birkila.

Da safe, bayan na yi salla, na lalubo lambar birkilan a wayar 'yata na kira shi da kaina. Na gaya masa da Yarabanci, don kada ya ce bai gane ba: ya huda rufin kwanon da ke saman murhun ya fitar wa hayaƙi hanya, gas ɗin a ajiye a ɗaki don shayi, amma in na dawo na tarar ya taɓa dutse ɗaya na murhun, ya nemi wata unguwa.